Miyar Inna a Obiagu

Inna tuwo take sayarwa a Obiagu, cikin Inugu, a wata rumfar kwano da ke jingine da gidan da muke haya. Masu cin tuwonta mahauta ne da 'yan albasa daga kasuwar Artisan, sai 'yan okada. Miyar ce ke kawo su. Attarugu take zubawa ba awo, ta ƙara da wani rawayan barkono mai ƙamshi da matan Ibo ke kawo mata. Mutum zai ci yana sharce gumi yana jan hanci, kuma ya miƙo kwano a ƙara masa.

Mu biyu ta haifa, duka mata, ni ce babba. Tun ina ƙarama yaji ba ya zama a cikina. Loma uku sai ƙirjina ya ɗauki wuta, in yini dafe da ciki. Ƙanwata kuwa ɗanyen attarugu take gutsura da dafaffen rogo tana dariya. Inna takan nuna ta ga baƙi ta ce, "Wannan ce ta biyo ni." In na roƙa a ɗebar mini miya kafin a zuba jajjage, sai ta ce, "Ba ni da tukunya biyu. Sangarta ce kawai, ki ci zai bi jikinki."

Bai bi ba. Da gayan tuwo da manja na girma a gidan mai tuwo.

Ƙanwata ta auri wani ɗan kasuwa da ke Mile One a Fatakwal, ta koma can. Ni aurena a nan unguwa yake, layi biyu tsakanina da Inna. Don haka da ɓarin jikin Inna ya shanye, ba a ma yi shawara ba, rumfa da jinya suka dawo kaina.

Makon farko na rage yajin. Wani tsohon mahauci da ya daɗe yana cin tuwonmu ya yi loma biyu, ya ture kwanon a hankali.

"'Yata, wannan ta majinyata ce kika zubo mini?"

Inna ta ji daga ɗaki. Ta sa na kai mata a ludayi, ta lasa, ta kau da kai.

"Kin kashe mini miya," ta ce.

Washegari na mayar da attarugun yadda yake. Amma miya ba ta yiwuwa sai an ɗanɗana, a ji gishiri, a ji daddawa. Tukwane uku nake ɗorawa kowace safiya, kuka da kuɓewa da taushe, kowacce in lasa sau biyu sau uku, cikina ba komai. Ina ajiye kofin jiƙon kanwa kusa da murhu ina kurɓa. Mutane suka dawo. Har wasu na cewa hannuna ya kusa kamo na Inna.

Shekara shida ina haka. Wata safiya ina tuƙa tuwo na yi aman jini. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya yi nisa, kada in sake kusantar yaji. Kwana huɗu na yi a gadon asibiti. Da na dawo, Inna ta yi mini sannu sau ɗaya, sannan ta tambayi ranar da zan buɗe rumfa.

Da Babbar Sallah ta shekarar ƙanwata ta zo kwana biyu. Ta yi miyar kuka 'yar ƙaramar tukunya. Inna ta ci da hannunta mai lafiya har tana siɗe yatsu, hawaye na zubo mata. Ina tsaye riƙe da ruwan wanke hannu ta ce, "Rabona da cin miya tun ranar da na kwanta."

Ƙanwata ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"Inna, ai ta Yaya ma da daɗi."

"Tana dai ƙoƙari," in ji Inna.

Na wanke mata hannu, na goge mata baki, na fita da kwanukan.

Ta rasu kafin wata Sallar ta zagayo. Bayan sadakar arba'in na rufe rumfar, na bar wa maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna tukwanen. Har yau a unguwa ana cewa na kasa riƙe sana'ar uwata. Ranar rasuwar an tambaye ni ko na yafe mata, na ce na yafe, don akwai mutane a wurin. Ina yi mata addu'a bayan kowace salla, ina kuma roƙon Allah Ya sa wata rana abin da na faɗa ya kai zuciyata.