Fim ɗin Ƙanƙara da Tsohuwar Rijiyar Ƙarfi

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, wallahi a kaina ya faru, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina saurayi a Malumfashi, ina aiki a gidan bidiyon wani Bayerabe haifaffen Funtua, Alhaji Rasaki, mutumin da Hausarsa ta fi tawa daɗi. Aikina fassara. Ina zaune gefen talabijin, Turawa suna magana, ni kuma ina gaya wa 'yan kallo abin da suke cewa. Kada ku ɗauka wani Turanci na iya, ina! Fuskar mutum kawai nake kallo in sa masa magana a baki, in raɗa masa sunan Hausa, jama'a su yi ta dariya.

Wata rana Alhaji ya dawo daga Legas da kwalin kaset, a ciki muka tarar da fim biyu masu labari ɗaya: saurayi ya ɓace, ubansa da ɗan sanda suna nemansa. Ɗaya na Amurka ne. Ɗayan kuwa yarensa ko kusa ba Turanci ba ne, wani malamin sakandare ya ce mana na mutanen Suwidin ne ko Norwe, kuma shi ne na asali, Amurkawa kwaikwaya suka yi. Mu dai muka sa masa suna na ƙanƙara, don ko'ina ka duba fari fat.

Samari duk na Amurka suke so, kuma ban ga laifinsu ba. Ɗan sandan ƙato ne, harbi yake yi, motoci na kifewa, kiɗa ba ya tsayawa, ƙarshe a samu yaron da ransa, ya rungume ubansa, kowa ya tafa. A na ƙanƙara kuwa ɗan sandan wani tsoho ne mai tari, sai ya zauna yana kallon taga, mutane su yi shiru har ka ɗauka kaset ya lalace, ƙarshe gawar yaron ake cirowa daga tafkin da ya daskare. Ni kaina na tsane shi, don duk shirun nan ni ake bari da cikewa.

Mutum ɗaya ne yake neman na ƙanƙara, Malam Audu, wani dattijo manomin auduga daga Ƙarfi. Kowa ya san labarinsa. Ɗansa Haruna ya fita da niyyar kai auduga Funtua shekarun baya, bai dawo ba. An duba asibiti, an duba gidan yari, an je wurin malamai, shiru. Uwar yaron ta hana a yi masa sadakar mamaci, shi kuma duk ranar kasuwa sai ya tsaya a tasha yana duba fuskokin masu sauka, sannan ya biyo wurinmu. Tausayinsa nake ji ƙwarai, har wata rana na ce, "Baba, ga wanda aka samu yaron da rai, me ya haɗa ka da mai baƙin ciki?"

Ya ce, "Ɗan nan, Amurkawan lallashina suke yi. Waɗannan kuwa an taɓa ɓatar musu da mutum. Dubi yadda uban ke tura abinci gefe."

To, wata ranar kasuwa bayan la'asar, zafi kamar me, 'yan kallo ba yawa, Malam Audu ya zo, muka sa masa na ƙanƙara. Aka zo wurin da uban yake tsaye shi kaɗai a bakin tafki, ba mai magana. Kullum a nan nake sako barkwanci, in ce tsohon yana neman mai shayi. Na buɗe baki ke nan sai na ji sanyi ya kama ni daga tafin ƙafa, kamar an tsoma ni a randa, kuma wallahi tallahi muryar da ta fito ba tawa ba ce, siririya ce, mai i'ina:

"Ba-baba, ka daina zuwa tasha. Ina tsohuwar rijiyar bayan gonar Kawu, ƙarƙashin tsamiya. Sa-sanyi nake ji."

Samari suka fashe da dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Malam Audu kuwa ya miƙe, sandarsa ta faɗi, ya zo gabana, ya ce, "Wa ya gaya maka Haruna yana da i'ina?" Na rantse masa ban taɓa ganin ɗansa ba, ko Ƙarfin ma ban taɓa takawa ba. Ya fita ya bar sandar.

Washegari mai garin Ƙarfi ya sa aka sauka rijiyar, wadda ta daɗe da ƙafewa, ciyawa ta rufe bakinta. Aka samu ƙasusuwa, da zoben azurfar da uwar ta gane tun daga nesa. Faɗawa ya yi ko jefa shi aka yi, Allah kaɗai ya sani. 'Yan sanda sun tsare ni da tambaya, sai da Alhaji Rasaki ya kawo shaida cewa lokacin da yaron ya ɓace ina can garinmu ina firamare.

Bayan an yi sadaka Malam Audu ya dawo karɓar sandarsa. Na tashi zan ɗauko na ƙanƙara, ya ce a'a, na Amurka zan sa masa, kuma kada in fassara. Ya zauna ya kalla har inda yaron ya rungume ubansa, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce, "Yanzu zan iya kallon wannan." Daga ranar bai sake tsayawa a tasha ba.

Ni kuwa na bar fassara a satin, na koma ɗinki. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ban gamsu ba. Shawarata gare ku ita ce, in kuka tarar da shiru a wuri kada ku yi gaggawar cike shi, in kuwa dole ne, ku fara da bisimilla, don ba ku san wanda ya daɗe yana jiran a buɗe baki ba. Ni dai ban taɓa yin i'ina ba kafin ranar nan, amma har yau kalmar "Baba" ba ta fita daga bakina kai tsaye, sai na ce "Ba-baba".