'Yar Wayar da Na Zare daga Kwamfutar Yaya Idris

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Idris makwancinsa a nan Jidda. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A unguwar Ruwais aka haife mu, jikokin wani mutum da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ƙetare teku ya sauka a tashar jiragen ruwan Jidda, ya yi hajjinsa, bai koma ba. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni.

Yaya bai yi karatun injiniya ba, amma duk unguwa Muhandis ake ce masa, wato injiniya da Larabci, rabi girmamawa rabi tsokana. A zamanin da kwamfuta take akwati guda da allo mai ƙaton ƙeya, shi ne ya fara kawo wani kati da ake buɗe cikinta a soka, sai a jona eriya, talabijin ta fito a 'yar taga a gefen allo. Hoton yana tafiya yana cijewa, fuskokin mutane sun yi kore, amma dattawa sukan taru a ɗan shagonsa na unguwar Bani Malik su yi ta kallo, alhali kowa ya bar talabijin lafiyayya a gida. Ni a lokacin ina aikin sito a tashar jiragen ruwa, kuma ina yi masa dariya cewa ya sayi wahala da kuɗinsa.

Abin da ya ɗauke hankalinsa shi ne katin yana iya kwashe abin da ke cikin kaset ɗin bidiyo ya ajiye a kwamfuta. Mu kuwa kaset shi ne wasiƙarmu. Duk lokacin hajji alhazai kan zo mana da kaset daga dangi, kuma al'adar gidanmu ita ce kaset ɗin da ya zo shi zai koma, a ɗora amsa a kansa, don mahaifiyarmu ta ce kwanon da aka aiko da abinci ba ya komawa fanko. Haka muka yi ta shafe fuskokin danginmu da namu shekara da shekaru. Yaya ya ce daga yanzu an daina asara.

A shekarar ne kaset ɗin Gwaggo Hansatu ya zo. Ita ce 'yar da kakanmu ya bari a goye ranar da ya kama hanya, kuma tun rasuwar mahaifinmu ita kaɗai ta rage da ta san asalinmu. Alhajin da ya kawo saƙon jirginsa zai tashi washegari, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya, don haka bayan la'asar muka taru a falo. Yaya ya jona bidiyo da talabijin don a kalla, ya ja wata waya zuwa kwamfuta a lungu don ta ɗauka. Gwaggo ta gama gaishe-gaishe, ta gyara zama, ta ce za ta lissafa mana kakanninmu tun daga mahaifinmu har sama, kada mu ɓace a ƙasar mutane. Ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa, har tara.

Mahaifiyarmu ta ce a miƙo biro. Yaya ya ce, "Halas, shi ke nan, Umma, bar wahalar da kanki. Kwamfuta na riƙe da komai."

Kafin magariba mun ari kyamara mun ɗora amsarmu a kan kaset ɗin, aka kai wa alhaji masaukinsa.

Abin da katin nan yake da shi, hoto kawai yake kaiwa ciki. Sauti sai ya bi ta wata 'yar waya baƙa, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, da ke fita daga katin ta shiga wani rami a bayan akwatin. Kwana biyu kafin nan na ga wayar tana lanƙwashe, ta fito daga kwamfuta ta koma kwamfuta, na ce wannan ai aikin banza take yi. Na zare ta na tafi da ita sito, na haɗa 'yar rediyona da lasifika. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da Yaya ya buɗe abin da ya ɗauka, ga Gwaggo tangaran, bakinta na motsi, yatsunta na tashi ɗaya bayan ɗaya, babu ko tari. Duk mun ji sunayen sau ɗaya, kuma babu wanda ya riƙe fiye da uku, tunda an ce mana kada mu damu. Muka aika a sake tambayarta, amma kafin saƙo ya isa ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta.

Yaya ya ɗauki laifin ya aza wa kansa. Gaban kowa ya ce shi ne bai duba bayan kwamfuta ba, ni kuma na yi gum. Bayan kamar wata guda ya zo sito kawo mini saƙo, ya tarar rediyona na waƙa. Ya dubi wayar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Sautin rediyon nan naka ya fita, masha Allah." Ya juya ya tafi. Har ya bar duniya bai ƙara tada zancen ba, ni ma ban samu ƙarfin halin cewa ya yafe mini ba. Wannan ne ke ci mini rai fiye da sunayen.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan yau. Kowa na da talabijin da kyamara a aljihu, ana ganin Kano daga Jidda ba tare da an jira alhaji ba. Na san zai yi murna, zai kuma kwance wayar wani don ya ga cikinta. Sai dai ina jin zai lura da abin da na lura: yaranmu na ɗaukar komai, ba sa sauraron komai, suna cewa ai yana cikin waya. Maganar da ya yi wa Umma ce ta zama ta kowa.

Bayan rasuwarsa muka ga wani littafi a shago. Ashe shekaru ya yi yana maimaita hoton nan, yana tsayar da shi yana karanta leɓen Gwaggo, yana gwada sunaye a bakinsa gaban madubi. Ya fitar da shida, ya bar layi uku babu komai. Katin ya daɗe da zama shara, shagon yanzu ana sayar da turare a ciki, amma sunaye shidan nan suna nan, kuma har an raɗa wa jarirai biyu daga ciki.

Makon jiya 'yarsa Ruƙayya, wadda take jin Hausa fiye da yadda take maida ita, ta zo mini da hoton a wayarta. Gwaggo na ɗaga yatsa, ita tana karanto suna daga littafin mahaifinta. A yatsa na bakwai ta tsaya, ta kira ni baffa da Larabci, yadda ta saba.

"Ya Ammi, kai ma kana wurin ranar. Wallahi ko ɗaya ba ka tuna ba?"

Na tashi na buɗe durowa, na ɗauko 'yar wayar baƙa na sa mata a tafin hannu, na faɗa mata abin da ban faɗa wa ubanta ba. A allon wayarta Gwaggo ta ɗaga yatsa na takwas, sannan na tara, ta sauke hannu tana murmushi, da yake a ganinta ta sauke nauyin da ke kanta. Allah ya jiƙan Yaya Idris, ya jiƙan Gwaggo Hansatu, ya kuma jiƙan mutum ukun nan da shi kaɗai ya san sunayensu yanzu.