Allurar da Ba Ta Kai Kunne Ba

Wata rana wani dattijo, Malam Tsalha, ya je asibiti a cire masa ƙullutun da ya fito masa a gadon baya.

Tsoho ne mai shegen barkwanci. Irin wanda zai ɓoye maka takalmi a masallaci, ya tsaya yana taya ka nema.

Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake a gida. 'Ya'yansa biyu suka rako shi, Hansatu da ƙanenta Kamilu, kowa da nasa gidan.

Likita ya ce, "Baba, ba barci za mu sa ka ba, wurin kawai za mu kashe. Allurar za ta ɗan cije ka kamar cinnaka. Daga nan za ka ji ana taɓawa, ana ja, amma ba zafi. Idonka biyu za a gama."

Ya kwanta rub da ciki. Aka yi allurar, aka ɗan jira. Likita ya tsikari wurin, shiru kake ji, kamar bayan wani ake taɓawa.

Su kuwa 'ya'yan suna waje kan benci a ƙarƙashin tagar ɗakin, ba su ji bayanin likita ba. A saninsu duk wanda za a yanka, barci ake sa shi.

Sai halin tsoho ya motsa.

Ya saki minsharin ƙarya, wai in sun leƙo ya gwale musu ido su firgita. Har likita sai da ya murmusa.

Can ya ji muryar Hansatu.

"Ya yi barci. Kamilu, mu gama magana kafin ya tashi. An ce kullum sai an wanke ciwon nan. Gidanka za shi."

"Haba Yaya, kin san shi, in ya shiga gida ba ya fita."

"Ni maigidana ya gaji da surutunsa. Wancan zuwan ma dariyar dole muka yi ta yi masa."

"To mu ce masa likita ne ya ce gara ya zauna a gidansa."

Minsharin ya tsaya cak.

Likita ya ga hawaye yana ɗiga a kan ledar gadon, ya dakata.

"Baba, zafi kake ji? In ƙara allurar?"

"Ina ji, ɗana. Amma bar ta, ba ta kaiwa wurin."

Aka ɗinke, aka rufe da auduga. 'Ya'yan suka shigo da fara'a.

"Sannu Baba, ka farka?"

"Na farka."

Kafin Kamilu ya buɗe baki, tsohon ya riga shi. "Likita ya ce gara in zauna a gidana."

Ya hutar da su ƙaryar. Suka dubi juna, har da ajiyar zuciya. Likita ya sunkuyar da kai yana wanke hannu.

Hannun mutum ba ya kai gadon bayansa. Kullum da safe Malam Tsalha yake dogara sanda zuwa kemis, wani bare ya wanke masa.

Ciwon ya warke tuni.

Amma tun daga ranar, takalmin kowa bai sake ɓata a masallacinsu ba.

Darasi: Likita yana iya kashe fata a yanka ba a ji ba. Yankan da ɗa ya yi da baki, har yau ba a samo masa allura ba.

Ku tura wa 'yan uwanku. Wanda ya karanta ya yi tsit, ku ce ina gaida mahaifinsa.