Ranar da Muka Gasa Takalmin Kawu Orest

Kawu Orest Hawryluk yayan mahaifiyata ne, manomin alkama, shekararsa sittin da biyu. Tun yana ɗan shekara huɗu yake hawa ƙanƙara, a kududdufin bayan rumbun mahaifinsu da ke daskarewa daga Nuwamba har Afrilu. Bai taɓa zama gwani a wasan hoki na kan ƙanƙara ba, shi ma ya sani. Mai tsaron baya ne, ba shi da gudu, sai faɗin ƙirji da naci. Amma shekara talatin da tara ke nan bai taɓa fashin gasar da garinmu ke yi a watan Fabrairu ba. Ko shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari, da safe ya je asibiti ya gan ta, da yamma ya dawo ya buga. Anti Verna, matarsa, har yau takan tuna masa.

Duk tsawon shekarun nan ƙafarsa ta hagu tana ciwo, bai kuma ɗauki abin a bakin komai ba. A garinmu an yarda cewa takalmin ƙanƙara, mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, dole ya ciji mai shi, wanda nasa bai cije shi ba to bai ɗaure da kyau ba ne. Kawu har wata 'yar ƙugiya ta ƙarfe gare shi da yake jan igiyar takalmin da ita, yana nishi, sai yatsun ƙafarsa sun mutu.

Bara da kaka tsohon takalminsa na fata ya rabe, ya sayo sabo irin na yanzu, mai tauri kamar hular kwano. Lamba takwas ya saya, wadda aka auna masa tun yana ɗan sha bakwai. Kafin Kirsimeti gaban idon sawunsa na hagu ya kumbura kamar rabin ƙwai. Minti goma yake yi a fili ya koma benci yana cije baki.

Wendell Friesen, kyaftin ɗin ƙungiyar dattawa, abokinsa ne tun firamare, shi ya sa bai yi masa kara ba.

"Orest, mutum sha biyar ne ƙa'ida," ya ce masa a ɗakin shan kofi na filin wasa. "Ga malamin makarantar nan shekara uku yana jiran gurbi. In Lahadin ƙarshen Janairu ta zo ba ka iya gama wasa ba, sunansa zan rubuta."

"Yaron nan? Shekararsa arba'in da biyar fa!"

"Yaron yana da ƙafa biyu. Kai ɗaya da rabi gare ka."

Kowa ya san wanda ya fita daga jerin ba ya komawa, sai in wani ya mutu.

A nan ne aka waiwayo kaina. Na dawo daga jami'a a Saskatoon da digiri a ilimin motsin jiki, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma tun daga nan garin ya laƙaba min Likita. Sunana Larysa, amma ba mai kirana da shi. Na sha niyyar faɗa musu cewa ni ba likita ba ce, sai in ga an riga an cire safa an miƙo min ƙafa.

Na ce wa Kawu ya huta mako biyu, ya riƙa ɗora ƙanƙara a wurin.

"Ƙanƙara? 'Yar nan, ai a kanta na samo ciwon."

Sauran dattawan kowa da nasa maganin. Wani ya ce ya jiƙa safa da ruwan zafi ya sa takalmin ya yi ta yawo a falo. Wani ya ce ya bar safa gaba ɗaya. Wani ya ce soson wanke kwano ake cusawa a ƙarƙashin harshen takalmin, matarsa kuma ta ce ganyen kabeji. Kawu ya gwada duka, har da haɗa soso da kabeji a rana ɗaya. Duk wanda ya faɗi nasa sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Likita?" Ni kuma in gyaɗa kai, don ba a koya mana kabeji ba, ba a kuma ce mana ƙarya ne ba.

Abin da ya rage shi ne a gasa takalmin. Irin takalman nan na yanzu ana ɗumama su a tanderu su yi laushi, mutum ya sa ƙafa ya zauna, su huce da siffar ƙafarsa. Kantin da ya saya suna yi, amma tafiyar awa biyu ce.

"In ƙona mai awa huɗu don a dafa min takalmi, ga tanderu a gidana?" in ji Kawu.

Ranar Asabar, ana gobe wa'adin Wendell zai cika, na je gidansu da hantsi. Anti Verna ta shimfiɗa takalmin hagu a faranti kamar kaza. Kawu yana zaune a kujera da siririyar safa, ya naɗe wando.

"To mai digiri," in ji Anti, "digiri nawa?"

Na duba 'yar takardar da na rubuta. "Ɗari da saba'in da biyar. Minti bakwai."

"Naku na jami'a ke nan ko?"

Mu a nan sanyin waje da ma'auni ɗaya muke faɗarsa, zafin tanderu kuma da wani ma'aunin dabam, na kakanni. A makaranta na farkon kaɗai ake amfani da shi, kuma Anti ta sha ji na ina faɗar komai da shi, har zazzaɓi. Duk mai toya kek a garinmu ta haddace cewa ɗari da saba'in da biyar a ma'aunin makaranta shi ne ɗari uku da hamsin a tanderun gida.

Na sake duba takardar. Lamba kawai na rubuta, ban sa harafin ma'aunin ba.

"Ina jin... na tanderu ne, Anti."

"Kina ji ko kin sani? Shekara arba'in ina girki, ban taɓa ganin abin da ya nuna a ɗari da saba'in da biyar ba. Ko man shanu sai ya yi shawara kafin ya narke."

"Verna, ki bar yarinya ta yi tunani."

"Kai dai riƙe ƙafarka."

Su biyu suka zuba min ido. Zuciyata ta ce min ɗari uku da hamsin ya yi yawa. Sai kuma ta ce ai Anti ta fi ni sanin tanderunta. Ina cikin wannan lissafi ta murɗa zuwa ɗari uku da hamsin, ta tura farantin ciki.

A minti na biyar wari ya fara tashi, irin na tayar mota. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Da Anti ta jawo farantin, takalmin ya kwanta gefe guda, bakinsa ya wangale, robar da ke riƙe da ƙarfen ƙasa ta lanƙwashe kamar ayaba. Kawu ya daɗe yana kallonsa.

"Yanzu zan sa ƙafar, ko sai ya huce?" ya tambaye ni. Da gaske yake.

Na fita baranda babu ko rigar sanyi, na tsaya ina kallon dusar ƙanƙara. A nan Wendell ya same ni, ya zo shan kofi kamar yadda ya saba duk Asabar. Ya shiga, sai na ji dariya har da buga tebur.

"Verna, a zuba min da kirim mai tsami! Orest, kai za ka ci dunduniya ko ni?"

Amma da ya gama ya fita zuwa motarsa, ya yi ta haƙa a cikin tarkacen bayan motar, ya dawo da takalmi ƙwaya ɗaya. Na hagu ne, tsoho, igiyarsa rawaya. Ɗan'uwansa na dama ya fashe shekara shida da suka wuce, Wendell kuma ba ya zubar da komai.

"Lamba tara ne," ya ce. "Zai yi maka yawa. Kada ka ja igiyar da ƙugiyar nan taka, ta tsufa, tsinkewa za ta yi. Ba tausayinka nake ji ba, so nake ka faɗi a gaban jama'a in huta da surutu."

Ranar Lahadi na zauna can saman benci, inda ba mai ganina. Kawu ya shigo fili, ƙafar dama sabon takalmi, ta hagu tsoho, yana ɗan karkata kamar amalanke mai taya ɗaya babba. Minti goma suka wuce bai zauna ba. Aka gama zagaye na farko, aka gama na biyu. A na uku ya tare malamin makarantar, wanda aka ba aron riga don gwaji, ya manna shi da katanga a hankali, kamar mai ajiye buhu. Da aka tashi Kawu ya cire takalmin ya yi ta latsa idon sawunsa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa sata.

"Kumburin yana nan," ya ce, "amma ba ya magana."

Wendell ya ciro jerin sunaye daga aljihu, ya dafa a bango ya rubuta Hawryluk, yana gunaguni.

Daga baya na sa Kawu ya taka takarda na zana ƙafafunsa. Ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan faɗin ɗan yatsa. Na nuna masa, ya ce fensirin ne ya karkace. Ni kaina ban san abin da ya yi aiki ba, ko girman takalmin, ko igiyar da bai ja ba, ko kabejin ne ya makara.

Ya buga gasarsa ta arba'in. Wasa uku suka yi, aka cinye su duka uku, ya dawo gida yana fito. Washegari mai tsaron ragarsu ya tare ni a bakin gidan waya, riƙe da takalmansa biyu, ya rage murya.

"Likita, ni ta dama ce ke damuna. Ita za a ƙona, ko ɗayar?"