Hoton Maƙwabciyata a Gaban Tsohuwar Tuta

A shekaru huɗun da na yi ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, akwai yini ɗaya da ko tsufa ya ci ƙarfina ba zai fita daga raina ba. Kuma laifina ne, ba na kowa ba.

A unguwar Danau Kota muke zaune ni da maigidana, hawa na goma sha huɗu. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata 'yar Iran ce mai karatun haɗa magunguna. Da na ji daga inda ta fito, na ɗauka zan ga mace cikin baƙin lulluɓi har ƙasa irin na talabijin. Sai ga ta kai ba ɗankwali, gashi ya sha jan rini, ni kuwa hijabina har gwiwa. Muka tsaya a lif kowa na satar kallon kowa.

Abinci ne ya haɗa mu. Ranar da na fara dafa miyar kuka ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan, ashe daddawata ce. Na zuba mata, ta ci tana yamutsa fuska, washegari sai ga ta da kwano. Ita kuma ta kawo mini shinkafa an kifa ƙanzo a samanta, wai a wurinsu ƙanzo na babban baƙo ne. Na yi dariya har da hawaye, na ce mu a Kano yara muke bar wa.

Mun sha gardama kuwa. Ba ta ƙaunar gwamnatinsu ko kaɗan, ni kuma bakina ba ya shiru. In na taɓo maganar ɗankwali sai ta ce ni na zaɓa na saka, ita kuwa a ƙasarsu dole aka yi mata, ba a tambaye ta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take son sarkinsu da aka kora tun ba a haife ta ba. Nakan tsokane ta in ce tana kewar abin da ba ta gani ba, wataƙila ma da ta gani da ta raina. Sai ta ce labarin mahaifinta ne ta tashi da shi, kuma mutum in ya gaji da yau, jiya yake kamawa.

Shekararta uku ba ta ga mahaifiyarta ba. Ta yanki tikitin zuwa gida na hutun watan Yuni, ta manna kalanda a jikin firji, kullum da safe ta soke kwana ɗaya.

A watan Maris suke sabuwar shekara, ta gayyace mu cin abincin rana. Ta shirya tebur da madubi da tuffa da tafarnuwa da tsiron alkama a faranti. A bango kuma ta rataya tsohuwar tutar ƙasarsu mai zaki da rana, wadda take ɓoyewa a ƙasan akwati, da hoton sarkin. 'Yan ƙasarsu suka cika falon ana waƙa ana tafi. Na lura ba wanda ya fito da waya, amma sai na ce a raina mutanen nan ba su san daɗin biki ba.

Mu dai in an karrama ka, nuna wa duniya kake yi, ita ce godiyarmu. Ni kuwa lokacin ko shayi na sha sai na ɗora. Na ɗauke ta hoto tana dariya a gaban tutar, na saka a shafina na haɗa da sunanta, na rubuta da Turanci cewa ga gimbiyarmu, Allah ya ja zamanin sarki. Kalmar da muke faɗa wa ko da mai unguwa ba tare da tunanin komai ba.

Sai da muka koma gida bayan la'asar maigidana ya gani.

"Wane irin ganganci ne wannan?" ya ce. "Delete ki yi yanzu, please. Kin san su wa ke kallon page ɗinta?"

Na goge nan take, amma hoton ya riga ya yi awa biyu, kuma mutanen da ban sani ba sun gani. Na ruga na buga ƙofarta. Fuskarta kawai na kalla na san labari ya riga ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yar'uwa, ba ki sani ba ne," ta ce. "A ƙasarku hoto, hoto ne kawai."

Bayan kwana uku yayanta ya kira daga gida. An tura wa wani danginsu hoton, don haka ya ce kada ta zo. Ba wanda ya san ko za a tsare ta a filin jirgi ko ba za a kula ba, kuma ba wanda ya yarda a gwada. Ta fasa tafiyar, ta cire kalandar daga jikin firji.

Kunya ta hana ni sakat. Mako biyu ina ɓuya, in na ji motsinta a bakin lif sai in bi matakala, hawa goma sha huɗu da wannan jikin nawa. Wata rana ta ritsa ni a ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Come lah, makan," ta ce, wato in zo mu ci abinci da yaren 'yan Malesiya. "Na rasa zuwa gida, so kike in rasa maƙwabciya kuma?"

Muka sauka shagon abincin Indiyawa na bakin titi da ake kira mamak, aka kawo mana shayi da roti, wato gurasarsu, na yi kuka har mai shagon ya ƙaro mana tishu. Ita ce ma take lallashina.

Shekara na zagayowa mahaifiyarta ta rasu. A falona ta kalli jana'izar ta waya, kanta a cinyata, hoton yana tsayawa yana dawowa. Duk jira nake ta ambaci abin da na yi, ko da kalma ɗaya. Har muka rabu ba ta ambata ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina koyarwa a Kano, ita tana wata ƙasar Turai, har yau ba ta taka gida ba. Duk lokacin da aka ce yaƙi ya tashi a yankinsu nakan kira ta, mu taɓa hirar Danau Kota, ta tambaye ni ko har yanzu ina dafa abin nan mai wari. Ina kewarta sosai.

Abin da na koya shi ne, abin da yake godiya a wurina yana iya zama tarko ga wani, don haka ba na ƙara nuna fuskar mutum ga duniya sai na tambaye shi. Na kuma gane cewa ni duk ranar da na so nakan hau mota in je in ga mahaifiyata, ba mai tambayata komai. Da ban san wannan ni'ima ba ce, sai da na raba wata da tata.