Waƙa Ɗaya Tak, Kafin a Raba Nama

Duk wanda ya taɓa shiga mashayar Glenys, can ƙasan layin dogo a garin Lithgow, ranar Lahadi da la'asar, ya ga Lyle Pascoe, ko da bai san ya gan shi ba. Shi ne dogon mai furfurar nan da ke tsaye a lungu rungume da jar jita, tsakanin injinan caca da ƙofar bayan gida. Filin da aka ware wa makaɗa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Saboda haka duk wanda fitsari ya matsa wa sai ya ce, "Gafara dai, Lyle," shi kuma ya ɗaga wuyan jitar sama kamar mai tsaron shingen jirgi, mutum ya wuce, kiɗa bai karye ba.

Su uku ne. Raelene ce mai waƙa, ita ce kuma shugaba, tunda motarta ce ke ɗaukar kaya. Sai Col mai ganguna, sai Lyle. Waƙoƙin wasu suke yi, tsofaffin nan da kowa ya yi samartaka da su, kuma mutanen Lithgow ba sa son a taɓa musu ko da wasali ɗaya. Yadda suka ji a rediyo, haka suke so a maido musu. Akwai wata waƙa da mai ita ya ɗan zame a tsakiyar kiɗa ranar da aka ɗauke ta. Lyle ya kwashe damina guda yana koyon wannan zamewar har ya iya ta daidai.

Ba haka ya tsara rayuwarsa ba. Ubansa a ramin kwal ya ƙare, shi kuwa ya rantse sai dai a ji shi a gidan rediyo. Yana saurayi ya tafi Sydney da jitarsa da wando biyu. Bayan 'yan watanni ya dawo da jitar da wando ɗaya. Tun daga nan yake tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ranar Lahadi kuma ya zama bakin wasu.

Amma yana da waƙarsa. Guda ɗaya ce, tasa ta kansa, ba wanda ya taɓa jin ta sai bangon garejinsa. Ya fara ta ne a kan wata yarinya mai suna Maureen. Da ya aure ta ya gyara baiti biyu. Da ta bi wani mai sayar da tayal zuwa jihar Queensland ya gyara sauran. Yanzu idan ka saurara da kyau, rabinta a kan Maureen ne, rabi a kan hazon da ke sauka a kwarin garin da hunturu.

Sai yatsu suka fara yi masa gardama. Sanyin ƙashi ya kama hannun hagu, wanda ke danne tsirkiya. Kafin ya fito gida sai ya jiƙa hannun a ruwan ɗumi, a mashaya kuma ya riƙe kofin shayi tsakanin waƙa da waƙa, ana ta yi masa tsiya. Likita ta juya hannun, ta ce kada ya sa ran kaiwa wani hunturun yana kiɗa. Daga ranar abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ya yi waƙar nan a gaban mutane, ko sau ɗaya, tun yatsun na jin magana.

Ya tari Raelene suna sauke kaya.

"Rae, ina da wata waƙa."

"Ta wa?"

"Tawa."

Ta ajiye lasifikar da ke hannunta. "Haba tsoho, da girmanka? Ka manta ranar da Col ya saka tasa? Har karen Glenys sai da ya fita."

"Tambayar inda ake sayar da waƙar ya tafi yi," in ji Col daga cikin mota.

"Sau ɗaya, Rae. Ba zan ƙara ba."

Ta dubi hannun nasa, ta kau da kai. "Je ka tambayi mai mashayar. In ta yarda, ni mene ne nawa?"

Glenys tana goge teburin sayar da giya ta saurare shi har ƙarshe, don mace ce mai kirki. Ta ce, "Ɗan'uwa, in ka kore mini mutane, kai za ka shanye giyar? Amma ga dabara. Yi ta lokacin da nake zagayawa da tikitin nama. Lokacin ba mai tashi, ko gobara ake."

Gaskiya ta faɗa. Kowace Lahadi ana jefa ƙuri'a a kan babban faranti na haƙarƙarin rago da tsokar sa, don taimakon 'yan ƙwallon gari, kuma ba a taɓa jin wanda ya bar mashayar da tikiti a aljihu ba.

Lokaci ya yi. Glenys ta ɗauko bokitin tikiti, Raelene ta ja baya ta bar masa makirfo. Lyle ya ce, "Wannan sabuwa ce," amma daidai nan wani doki ya sha gaban wani a tseren da ake nunawa a talabijin, ihu ya haɗiye maganar. Ya fara. Muryarsa ta fito siririya, irin ta wanda ya daɗe yana waƙa a gareji don kada maƙwabta su ji.

Abin da ya fara ba shi tsoro shi ne Col. Bai taɓa jin waƙar ba, amma kafin a gama baitin farko ya shigo da ganga, ya san inda za a tsaya, ya san inda za a hau. Raelene ma ta kama amshi kamar da shi aka yaye ta. Lyle ya so ya ɗauka cewa gwanintarsu ce, ba wai waƙar ce ta yi kama da waɗanda suka saba yi ba.

A ƙasa kuwa cinikin tikiti ake, ana ta "ba ni uku", "canza mini, shuɗi ba ya ci". Wani ya ce gafara dai, aka ɗaga masa jita. A baiti na ƙarshe ɗan yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, Lyle ya danne da na kusa da shi, ya kai ƙarshe da ƙyar. Mutum biyu suka tafa, ɗayansu ƙuda yake kora. Glenys ta karɓi makirfo ta kira lamba, wata mata ta yi kururuwa ta rungume nama.

Yana naɗe wayar jita sai ga tsoho Merv, wanda ya riga kujerun mashayar zuwa, ya dafa kafaɗarsa. Idanun tsohon sun yi ja.

"Yaro, ka taɓa ni. Rabona da jin waƙar nan tun ina neman uwar 'ya'yana."

Lyle ya dakata da naɗe wayar.

"Sai dai ka ɓata tsakiyar," in ji Merv. "Ba haka mai ita ya yi ba. Shi sama yake hawa a wurin."

"Wa ke nan, Merv?"

"Wannan mana, mai gashin nan. Wanda ya mutu. Ina da kaset ɗin a gida, in na gano zan kawo maka ka gyara."

Raelene ta matso za ta yi magana, Lyle ya girgiza mata kai. Ya dubi tsohon, wanda shi kaɗai ne a duk ɗakin ya saurara daga farko har ƙarshe.

"To, Merv," ya ce. "Kawo mini. Zan duba inda na kuskure."