Shafin Ruwan Damargu Da Ke Kwana A Turai

Har yau in na ga ɗan zoben nan yana juyawa a fuskar waya, sai in ji raina ya ɓaci.

A lokacin ina aiki da ƙungiyar makiyaya a Balbeji. Wani proje, wato shirin tallafi, ya kawo mana shafin intanet mai nuna wuraren ruwa na Damargu: tabkin da ya ƙafe, rijiyar da ta rufta, rijiyar burtsatse, wato foraj, da injinta ya mutu. Kore akwai ruwa, ja kada ka je. Ni aka damƙa wa wayar. Ranar kasuwa in shimfiɗa tabarma, in ɗora shayi, makiyaya su zo tambaya.

Da shayin muke auna saurin shafin. In ya buɗe a kofin farko, mun tashi da sa'a. Galibi sai a na biyu. In kuwa aka sha na uku bai buɗe ba, baƙo ya saɓa sandarsa, don a wajenmu ba a zama bayan kofi na uku.

Wata bazara yayana ya zo. Shanun gidanmu duka suna hannunsa, har da jar saniyar innarmu, ga tabkinsu ya zama taɓo. Ko dai ya yi kudu wajen rijiyoyin Gangara inda garke ya yi yawa, ko ya yi arewa wajen wani foraj. Ya ce, "Ƙanena, duba mani na arewa, yana aiki?"

Na latsa. Zobe ya kama juyi, don rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi. Muka sha na farko. A na biyu wani ƙaton hoto ya fara saukowa a hankali, manyan proje ne suna yanke ƙyallen buɗe aiki, kowa haƙora a waje. Taswirar ruwan tana can ƙasa, shiru. Na ja shayin na uku iyakar ja, na ce, "Yaya, ɗan ƙara haƙuri." Ya kurɓe, ya ajiye kofi, ya ce, "Shanu ba su san rezo ba." Ya hau raƙuminsa ya tafi.

Ina wanke kofuna taswirar ta buɗe. Foraj ɗin ja wur! Na kira shi, wayarsa ba ta shiga, ya riga ya fita rezo. Na bi shi da babur har rairayi ya cinye mani taya, ban same shi ba. Ya kora shanun cikin zafin nan, ya tarar da inji a mace, ya juyo da su ba su sha ba. Waɗanda suka faɗi a hanya ba na son tunawa. Jar saniyar tana cikinsu.

Bayan damina aka tara mu a Tanut. Masanin shafin ya zo daga Yamai, ya haska mana awonsa a bango: shafi na buɗewa kafin ƙiftawar ido, komai kore. Na ɗaga hannu na tambaye shi a ina aka yi awon. Ko kunya babu, ya ce a Turai, a garin da sarbar take, wato na'urar da shafin ke kwana a cikinta. Wai can wuta ba ta ɗaukewa. Ashe duk latsin da na yi sai ya bi ta Damagaram, ya bi ta Yamai, ya nutse ƙarƙashin teku, sannan ya dawo ɗauke da hoton masu haƙora. Mutum ya zauna a bakin rijiya yana gaya mana ruwa ba nisa!

Na miƙa masa wayata na ce, "Malam, bismilla, buɗe mana a nan." Zobe ya yi ta juyi a hannunsa. Ya ce ai laifin rezonmu ne. E, rezonmu gurgu ne, mun sani. To don wa aka yi shafin? Don mutanen Turai su san inda za su shayar da shanunsu? Wallahi da ba a riƙe mani riga ba, da na faɗi abin da zai raba ni da aikin a ranar.

Yayana bai taɓa cewa laifina ne ba, kuma wannan ya fi ci mani rai. Har yanzu yana zuwa tabarmata ranar kasuwa. Kafin in zuba na farko, sai ya miƙa hannu ya kifa wayar a ƙasa.